Farantin tangaran na gashin kaji: me ke mayar da wuta ciki, kuma har ina ake iya tsinka gaz da iska?

Maƙerin Katako:

Assalamu alaikum, barkanku da aiki. Tambayata kan murhun gaz mai farantin tangaran ce, farantin nan mai ƙananan ramuka, irin wanda ake sa wa akwatin gashin kaji da na ɗumama ƴan tsaki, wanda harshen wuta ba ya tashi, sai dai fuskarsa ta yi jawur tana huci.

Ga yadda kayan suke. Akwatin ƙarfe ne, murhu biyu suna kallon juna, tsakaninsu santimita 35, kaji na juyawa a tsakiya. Kowane murhu faranti biyu gare shi, tsawon faranti milimita 132, faɗi 92, kauri 13. Butel, wato tukunyar gaz, mai kilo 12.5 ne, detandur, wato abin da ke rage matsin gaz a kan butel, na miliba 28 (ma'aunin matsi). Jiklar, wato ɗan ramin da gaz ke tsirtowa ta cikinsa, wanda suka zo da shi milimita 0.85 ne, amma an buɗa na murhu guda da allura har ya kai wajen 1.2, wai don wuta ta ƙaru.

Wanda aka buɗa ɗin yanzu wutarsa rawaya ce, tana lasar sama, tana baƙanta ƙarfe, faranti kuma ya ƙi yin ja. Wanda ba a taɓa ba yana ja sosai, amma bayan minti 20 ko 30 sai a ji "fuf", wuta ta koma cikin akwatin da gaz da iska ke gauraya tana gurnani, fuskar ta yi duhu, bayan murhun ya ɗau zafi. Mene ne sanadi?

Sannan ana maganar wani murhu na soson tangaran, wai yana cin gaz kaɗan cikin iska mai yawa, har gaurayen da ba zai kama a fili ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ana iya haɗa shi a nan Yamai don rage cin gaz?

Mai Gyaran Murhu, Wadata:

Wa alaikumus salam, maigida. Na farkon dai garin neman ƙiba aka samo rama. Gaz ɗin da ke fita ta jiklar faɗin ramin yake bi sau kansa. In ka raba 1.2 da 0.85, ka ninka abin da ya fito da kansa, za ka sami 2. Wato murhun da aka yi wa kilowat 3 yanzu kilowat 6 ake ɗura masa. Ita kuwa iska ba ta ninka ba. Tsirtuwar gaz ce ke jawo ta cikin maƙogwaron bututu, kuma yawan iskar da kowace lita ta gaz ke samu ya danganta ga faɗin maƙogwaro a kan faɗin jiklar. Maƙogwaro yana nan yadda yake, jiklar ya faɗaɗa, sai rabon iska ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100.

A murhun girki na gida wannan ba zai tsananta haka ba, domin wajen rabin iska kawai ke shiga ta bututu, sauran harshen wuta yana ɗiba daga gefen tukunya. Farantin tangaran ba ya da wannan dama. Duk iskar sai ta gauraya da gaz tun kafin su iso faranti, har da ɗan ƙari na kashi 5 zuwa 20. Kuma butan, gaz ɗin butel, maci iska ne: lita ɗaya tana son lita 31 ta iska, ɗan'uwansa furofan kuma wajen 24.

Magani sabon jiklar 0.85. Kar a daddoke tsohon da guduma don ramin ya tsuke, tsirtuwar za ta karkace ta daki bangon bututu, iska ta ƙara raguwa. In an ɗaura sabo a duba ya saitu daidai tsakiyar maƙogwaro. Ga lissafin da ake aiki da shi a miliba 28 zuwa 30: rami 0.50 kilowat 1, rami 0.65 wajen 1.75, rami 0.85 kilowat 3. Kowane kilowat yana cin gram 80 a awa. Murhunka biyu ke nan gram 480, butel ɗin zai yi awa 26. Faranti biyu kuma fuskarsu santimita murabba'i 243 ce, kilowat 3 a kansu ya zama wat 12 ga kowane santimita murabba'i, daidai abin da irin wannan faranti ke ɗauka.

Komawar wuta ciki kuwa, a bi ta daki-daki. A fara da tsaga. Cire murhun, shiga ɗaki mai duhu, haska tocila ta bayansa. Tsaga ko siririya ce kamar gashi a sanyi, in faranti ya yi zafi tana buɗewa. Faranti mai tsaga canja shi ake yi, ba a liƙe shi.

Sai gefe. Tsakanin faranti da firam ɗin ƙarfe dole a sa takardar zaren tangaran mai kaurin milimita 2 ko 3, ta zagaye duka, har da tsakanin faranti da ɗan'uwansa. Siminti ko laka ba sa yi, suna bushewa su zube. Kada kuma a matse kusoshi tamau. Ƙarfe yana miƙewa da zafi fiye da tangaran nesa ba kusa ba, in an matse shi ne ke fasa farantin.

Amma yadda ka ce sai an yi minti 20 zuwa 30, na fi zargin zaman da suka yi suna kallon juna. Faranti yana rayuwa ne da zubar da zafinsa ta huci. In wani yana gabansa yana mayar masa, ko an shimfiɗa takardar alminiyom kusa, zafin zai ratsa kaurin nan na milimita 13 har bayansa ya gasu. A goce su, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko a mayar da su bango guda. A kuma tabbata bakin shigar iska yana wajen akwati, ƙasa da murhu. Iskar da ta kai digiri 120 maimakon 35 tana rage rabon iska da fiye da kashi 10, in kuma hayaƙin ƙonuwa take sake shaƙa abin ya fi muni.

Duk lokacin da ta koma ciki, a rufe daga kan butel, a bari ya huce sarai kafin a sake kunnawa.

Malamin Fasaha:

Abin da Malam na Wadata ya faɗa haka yake. Bari in ƙara dalilin, domin shi ne kuma amsar tambaya ta biyu.

Wuta a cikin gaurayen butan da iska tana tafiya ne, tana cin gaurayen da gudun wajen santimita 40 a daƙiƙa in gaurayen daidai yake. Yanzu lissafa gudun gauraye a murhunka. Kilowat 3 wajen lita 100 ce ta gaz a awa, da iska lita 3400, jimla kusan lita ɗaya a daƙiƙa. Raba ta a fuskar faranti biyu, santimita 4 a daƙiƙa ke nan, a cikin ramukan kuma bai fi 10 ba. Ka ga wutar ta fi gaurayen gudu sau huɗu. Kullum so take ta shiga ciki. Abin da ke tsare ta shi ne ƙanƙantar rami da sanyin bangonsa: ramin bai fi milimita 1 da ɗoriya ba, bangon yana tsotse zafin wutar fiye da yadda take haifar da shi, sai ta mutu a bakin ƙofa. Wannan dabarar ce Humphry Davy ya yi amfani da ita a 1815 a Ingila, ya kewaye fitilar masu haƙar kwal da ragar waya. In bangon ya yi zafi ba ya iya tsotsewa, in rami ya faɗaɗa ta tsaga ba ya isa. Duk abubuwan da aka lissafa maka ɗayan biyun nan ne.

Masu bincike sun sa wa abin ma'auni, lambar Peclet: gudun wuta sau faɗin rami, a raba da saurin yaɗuwar zafi a cikin gaurayen. In ta gaza 65 wuta ba ta ratsawa, in ta wuce tana shiga. Ga gauraye mai sanyi da gudun 40, iyakar tana wajen milimita 3.5. Aikin Babkin da abokansa ne a Nobosibirsk ta Rasha.

To, maganar tsinka gauraye. Ɗauke shi kamar kunu. Mai kauri shi ne gaz ya yi yawa, tsinkakke shi ne iska ta yi yawa. A fili, butan ba ya kamawa in ya gaza kashi 1.8 cikin 100 na gaurayen, furofan 2.1, methan 5, alhali daidaitaccen gaurayen butan kashi 3.1 ne. Wato kafin iska ta ninka abin da ake buƙata sau biyu wuta ta hure. Tun kafin nan ma gudunta ya faɗi: in iska ta yi sau ɗaya da rabi, bai kai santimita 20 ba, sai ta ɗage daga bakin murhu tana rawa.

Abin da soso ke yi shi ne ya sato zafi daga bayan wuta ya kai gabanta. Wutar tana ci a cikin ƙofofin soson, ba a samansa ba. Jikinsa yana ɗaukar zafi, zafin yana bin tangaran ya koma baya, huci ma yana tsallake ƙofofi ya koma baya, sai gaurayen da ke tahowa ya iso a gashe. Gauraye mai zafi yana ci da sauri, kuma iyakarsa ta tsinkewa tana sauka. Felix Weinberg na Landan ne ya shimfiɗa tunanin a 1971, Takeno da Sato a Japan suka kawo shawarar sa abu mai ƙofofi a cikin wutar a 1979, sannan a shekarun 1990 Durst da Trimis a Erlangen ta Jamus suka fito da murhu mai hawa biyu. Hawan ƙasa ƙofofinsa ƙanana ne, ƙasa da iyakar 65, yana hana wuta komawa. Hawan sama ƙofofinsa manya, wuta na ci a ciki. Sai ta zauna a mahaɗarsu. In soso iri ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, wutar ba ta da wurin zama, tana rarrafe a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a daƙiƙa, ko ta fice ta sama ko ta gangaro ƙasa.

Don haka gaskiya ne. Irin wannan murhu yana ci da iska ninki biyu har da ƙari, ana iya rage shi da ƙara shi da faɗi ƙwarai, kuma manyan na'urori masu juya hanyar iska gaba da baya suna ƙona iskar ramin kwal da methan ɗinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Sai dai a nan nake so a fahimce ni. Soso ba ya ƙirƙirar zafi. Kilo ɗaya na gaz wajen kilowat-awa 12.7 ne a kowane murhu. Rarar iska kuwa ɗumama ta ake yi ta fice da zafin. Mai gashi huci yake saya, huci kuma yana bin zafin fuska ne in an ninka shi da kansa har huɗu, a ma'aunin zafi na Kelbin. Fuskar da ta sauka daga digiri 900 zuwa 800 ta yi asarar kashi 30 cikin 100 na hucinta. Tsinkewa tana da amfani inda ake son iska mai ɗumi da yawa, kamar busar da albasa ko tattasai, inda ake son rage iskar naitrojin mai guba da ke samuwa in wuta ta haura digiri 1500, ko inda gaz ɗin kansa rarrauna ne, kamar na kashin shanu mai methan kashi 50 zuwa 65. Ga gashin kaza, farantinka da rarar iska kashi 10 zuwa 20 ya fi.

Maƙerin Katako:

Allah ya saka da alheri, malamai. An haska tocila, an sami tsaga a kusurwar faranti ɗaya daidai inda kusa ta matse, kuma babu komai tsakaninsa da firam. Za a canja, a goce murhun. Malam, maganar busarwa ta ja hankalina. In za a gwada na soso ƙarami, me ake buƙata, kuma jiklar da maƙogwaro irin wannan za su isa?

Ba'adare, Tawa:

Kafin Malam ya amsa, in ƙara abin da ba a taɓo ba, don wanga faranti ƙasarmu tana ba shi wahala ta wajen da masu ƙera shi ba su lissafa ba.

Ƙura. Lokacin hunturu murhu shina shaƙar lita dubu uku da ɗoriya ta iska kowace awa, da duk abin da ke cikinta. Ƙurar tana taruwa a bayan faranti da cikin maƙogwaro. Alamarta, fuska ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ja wani duhu, ga ɗan harshe rawaya a gefe. A hure shi da iskar kwamfuresa marar ƙarfi, daga fuska zuwa ciki, sannan a zazzage ta bakin bututu. Ba a sa ruwa, ba a sa burushin ƙarfe, ba a tsokane ramukan da waya. Gizo-gizo da zanzaro ma suna gini cikin maƙogwaro in an ajiye murhu kwana biyu.

Kitse kuma, in ya ɗiga kan faranti shina toshe rami ya zama gawayi, wurin ya riƙa ci daban har ya tsage. Shi ya sa ake tsayar da murhu a gefe ko a sama, a ɗan sunkuyar da shi, ba a ƙarƙashin nama ba.

Sai butel. Butan shina tafasa ne a wajen digiri sifili, kuma duk gaz ɗin da ka ja, ruwan da ke ciki shina ƙara sanyi. Da asubar sanyi, in butel ya kusa ƙarewa kuma ana jan rabin kilo a awa, za ka ga jikinsa ya yi raɓa, ƙarfin gaz ya faɗi, tsirtuwa ta yi rauni, iska ta ragu, faranti ya dushe. Mutane sai su ce jiklar ya toshe, su ɗauko allura. Daga nan ɓarnar take farawa. A haɗa butel biyu, ko a tsayar da shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi. Ba a kwantar da shi, ba a kai shi kusa da wuta.

Masu ƴan tsaki su kula ƙwarai. Faranti mai ƙura ko mai ƙarancin iska shina fitar da iskar kabon mai kisa, wadda ba ta da wari ko launi. A bar kafar iska sama da ƙasa, a sa bawul mai tamokoful, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafi, wanda ke yanke gaz in wuta ta mutu. Gaz ɗin butel ya ninka iska nauyi, in ya zuba ƙasa shike kwantawa.

Malamin Fasaha:

Madalla da wannan ƙari. Maƙeri, jiklar da maƙogwaro ba za su isa ba. Tsirtuwar miliba 28 da ƙyar take jawo iskar farantin nan, balle ta tura iska sau ɗaya da rabi ta cikin hawa biyu. Sai da fanka mai turawa, irin mai kamar dodon koɗi.

Ga misali na kilowat 5. Soson silikon kabaid mai ƙofa 10 a inci, faɗinsa santimita 10, kauri 2 zuwa 3, shi ne hawan sama, domin yana kai zafi da kyau kuma yana jure tashi da saukar wuta. Masu zubin ƙarfe suna tace narkakken ƙarfe da irinsa, sai dai nasu don aiki sau ɗaya aka yi, yana farfashewa in an yi ta kunnawa da kashewa. Hawan ƙasa a sa abin da ba ya kai zafi sosai: farantin zaren alumina mai ramukan milimita 1, kauri santimita 2, ko soso mai ƙofa 40 zuwa 60 a inci. A naɗe gefensu da bargon zaren tangaran a cikin bututun ƙarfe, kada a bar ko ƴar kafa, domin ta bango wuta ke fara zamewa. Tsakuwa ko marmara ba sa maye gurbinsa, suna fashewa su yi tsartuwa. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuma cinyewa yake.

Gaz gram 400 a awa. Kowane kilo yana son iska kilo 15.5, sau ɗaya da rabi ya zama kilo 9.3, wajen mita kubik 8 a awa a zafin Yamai. Gudun gauraye a fuskar soson kusan santimita 29 ke nan a daƙiƙa, ya fi gudun wutar wannan gauraye a fili. Da babu soso da ta hure. A shigar da gaz bayan fanka, a bar bututun gauraya ya kai faɗinsa sau 10 a tsawo, a sa faifan ƙarfe mai huji-huji ƙarƙashin hawan ƙasa don rabon ya daidaita. In gefe ɗaya ya yi ja ɗaya ya yi duhu, rabon ne bai yi ba, wutar ta karkace.

Wajen kunnawa, fanka ta fara aiki ita kaɗai rabin minti ta share ciki. A rage iska zuwa ƙarin kashi 10 ko 20, a buɗe gaz kaɗan, a kunna daga sama. Shuɗiyar wuta za ta tsaya a fuska, bayan ƴan mintoci ta nutse, soso ya haskaka. Sai a riƙa ƙara iska sannu-sannu. Ido ba ya gane rabon. A auna iskar oksijin a hayaƙi: a raba 21, wato kason oksijin a iskar fili, da abin da ya rage in an cire awon daga 21. Kashi 7 yana nufin sau ɗaya da rabi, 10.5 ninki biyu. A lura da iskar kabon a lokaci guda, tana hawa tun kafin wuta ta mutu, kuma inda ta fara hawa nan ne iyakarka. Kada a daɗe a gauraye daidaitacce da cikakken ƙarfi, cikin soson yana iya wuce abin da zai jure.

Abu biyu ba a gwaji sai da su. Tamokoful a ƙarƙashin hawan ƙasa, in ya haura digiri 200 a yanke gaz, zafi ya fara gangarowa. Da bawul na lantarki wanda ke rufe kansa in babu lantarki, a haɗa shi da makunnin da ke jin matsin iskar fanka. In lantarki ya ɗauke fanka ta tsaya, gaz kuma yana zuba cikin soso mai digiri sama da 1000, wuta za ta bi bututu. Wajen kashewa gaz ake fara rufewa, a bar fanka tana hurawa har jan ya ɓace, hawan ƙasa ya koma ƙasa da digiri 100. Gwajin farko a yi shi a fili, butel yana nesa da mita 3 ko fiye, a kuma shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar tiyo kafin a kawo ashana.